Kwana Ukun da Maigidana Ya Sha Mini Magani

Haihuwata ta fari da tiyata aka yi ta. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: fitila mai haske kamar rana tsaka, da wani ƙuda a jikin labule da na yi ta yi wa fatan alheri. Da na farfaɗo, likita ya ce ɗinkin da ke cikina yana bukatar hutu, kada in sake ɗaukar ciki sai an shekara biyu. Ya maimaita wa maigidana, yana nuna shi da yatsa.

Da yarinyar da na haifa ta wuce wata shida, muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a Tudun Kaya neman maganin tazarar haihuwa. Sistar da ke wurin, wata dattijuwa mai tabarau, ta auna jinina. Ta tambaye ni ko ina ciwon kai mai tsanani na ɓari ɗaya, ko ƙafata ta taɓa kumbura da zafi, ko akwai wani maganin da nake sha. Na ce babu. Ta miƙo mini kati mai ƙwaya ashirin da takwas, farare ashirin da ɗaya, bakwai masu launin ƙasa.

"Ɗaya kullum, a lokaci ɗaya," in ji ta. "Kada a bar gurbi."

Ni kuwa hankalina yana kan wata kurciya da ta sauka a taga. Sista ta bi idona, sannan ta juya wajen maigidana.

"Malam, matar nan taka gangar jikinta ce kawai a ɗakin nan."

"Haka take, Sista. Ta taɓa barin tuwo ya ƙone tana rubuta wa hayaƙinsa waƙa."

"To kai ne shaida."

Ya dafa ƙirji. "In aka samu gurbi a katin nan, ni za a tambaya."

Maigidana manomin gyaɗa ne, kuma ba abin da ya tsana irin gurbi. In iri ɗaya ya ƙi fitowa a layi, ba ya samun sukuni sai ya koma ya cike wurin. Wata huɗu muka yi lafiya lau. Yana dawowa daga sallar magariba zai tsaya a bakin ƙofa da moɗar ruwa, ya ce, "Malama, lokaci." In ɓalle ƙwaya in haɗiye, shi kuma ya duba katin kamar mai duba shuka.

Sai ƙanwata ta haihu a Rogo Ruma, na shirya tafiya suna. Na ɗauki zannuwa, kayan yarinya, turmin atamfar barka, littafin da nake rubuta waƙoƙina, da biro biyu don kada ɗaya ya ƙare. Katin na bar shi cikin samira a kan kabad.

Ban tuna ba sai da ladan ya kira magariba, na ji ina jiran moɗa. Na zagaya bayan rumbu na buga wa maigidana waya.

"Malam, na baro katin."

Na ji akuyarmu tana kuka ta cikin wayar.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Na san abin yi."

Na ɗauka zai ba ɗan acaɓa ya kawo mini. Washegari duk ƙarar babur sai in leƙa, ba kowa. Gidan cike da gwaggonni da innoni, na ji nauyin in ce zan fita neman irin wannan magani. Da yamma na sake kira, ya ce komai yana tafiya daidai. Ban tambaye shi mene ne yake tafiya daidai ba. Ni mutum ce mai son a ce mata komai daidai ne. Rana ta uku aka yi suna, na shagala da jaririn da yatsunsa.

A rana ta huɗu da hantsi na dawo. Na tarar da shi kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Inna mahaifiyarsa tana yi masa fifita.

"Sannu da hanya, 'yar nan," in ji Inna. "Zo ki ga mijinki. Kwana uku zuciyarsa na tashi. Ya ce kada a sa daddawa a miya. Jiya tsamiya ya aike ni nema. Ni dai da mace ce, da na san abin da zan ce."

Ya lallaɓa ya biyo ni ɗaki, ya buɗe samira, ya miƙo mini katin da hannu biyu. Talata, Laraba, Alhamis, duk an ɓalle su.

"Ba gurbi," ya ce.

"Ina ƙwayoyin?"

Ya shafa cikinsa.

"Malam! Kai ka sha?"

"Bayan magariba, da moɗar nan. Har niyya na yi. Na ce na sha wa uwar yarinya."

"Ai ba a yin haka!"

"Ranar ɗaurin aurenmu ke kika je masallaci? Wakili ya je, auren kuma ya ɗauru. Layya ma rago ɗaya yana isar wa gida duka." Ya sassauta murya, ya shafa haɓarsa. "Amma duba mini, Malama. Gemun nan kamar ya yi laushi, ko?"

Na yi dariya har na zauna a bakin gado. Ina cikin dariyar hannuna ya sauka a kan tabon ɗinkin, sai ta tsaya. Kwana uku ba magani a jikina. Na tuna yatsan likita. Ban san ko watanni huɗun nan sun tafi a banza ba, ban kuma san abin da zan yi da katin ba.

Kafin azahar muna asibiti, ni da goyo a bayan babur. Sista ta saurare shi har ƙarshe, da maganar wakili da ta rago. Ta cire tabarau, ta ce mu yi mata uzuri, ta fita. Muna jiyo ta a baranda tana wani irin tari. Ta dawo tana share ido.

"Malam, in ka ci tuwo, ita take ƙoshi?"

"A'a."

"In ta ji ƙishirwa, kai kake shan ruwan?"

"Wannan daban ne, Sista."

"Ba daban ba ne. Cikin da aka ɗinke shi ne zai sha."

Ta duba katin, ta ƙirga. Ta ce Allah ya taimake ni, a mako na biyu abin ya faru, na riga na sha bakwai a jere kafin tafiyar. Ta ba ni ruwa na haɗiyi ɗaya nan take, ta ce in ci gaba kullum kamar da. Amma sai na jera kwana bakwai ina sha kafin maganin ya sake kare ni, kafin nan mu nisanci juna ko mu yi amfani da kwaroron roba. In kuwa ɗaya ce kawai na manta, in sha da zarar na tuna, ko da za su zama biyu a rana.

"Kuma asibiti bai ƙare a Tudun Kaya ba," ta ce mini. "Da kin shiga na can, da an ba ki wani katin. Kunya ba ta ɗinke ciki."

"Ni fa, Sista?" in ji maigidana.

"Gemunka na nan. Ƙwaya uku ba ta mai da kai komai ba. Kada dai ka ƙara."

Duk da haka sai da ya sa ta auna masa jini.

Ranar ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, ya ce wa Inna zafi ne ya yi yawa. Inna ta kalli hadari a sama. Ya jera gyaɗa bakwai a bakin tagata. Kullum bayan magariba ya kawo moɗa, in haɗiyi tawa, shi kuma ya ɓare gyaɗa ɗaya ya jefa baki.

"Wannan dai an yarda in ci, ko?"

Da na kai kan ƙwayoyi masu launin ƙasa, al'adata ta zo a kan lokacinta. Na zauna a bakin gado na daɗe, tafin hannuna a kan tabon, ina jin yarinyar tana jan zanina tana neman miƙewa.

Shekara biyun sun cika ba tare da wani ciki ba. Tun daga wancan sunan, katin a tsakiyar littafin waƙoƙina yake kwana, don littafin kaɗai ne ban taɓa barowa a gida ba. Inna kuwa har yau, in maigidana ya ture miya, sai ta ce, "A kawo tsamiya ne?"