Malamar da Ba Ta Barin Bidiyo Ya Kai Ƙarshe

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, aka kira ni daga aji aka ce kin rasu, bayan jinyar kwana shida. Shekara goma sha huɗu teburinki na jingine da nawa a ɗakin malamai, ni da tarihi, ke da ilimin halittu.

Ɗalibai sun sa miki suna Malama Dakata, kuma kin ci sunan. Bidiyon minti goma da kika sauko da shi daga intanet sai ya cinye darasi biyu. Zuciya na bugawa a jikin bango, jini na gab da shiga huhu, sai ki tsayar. "To, ina zai bi? Ke ta bayan can, mai hamma, zo ki nuna mana da yatsa." Sautin ma kashe shi kike yi, ki yi bayanin da bakinki, don kin ce mai maganar na sauri kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Ba ki taɓa nuna abin da ba ki kalla sau uku ba. Wata rana da gangan kika kawo mai kuskure a ciki, kika harɗe hannu kina jira, har wata ɗaliba ta ce, "Malama, ai wannan ba daidai ba ne." A ranar, da dariya kika shigo ɗakin malamai.

Ni da nake cewa majigi kayan malalata ne, mako guda kika yi kina koya mini, ba gori ko sau ɗaya.

A gidan rasuwa shugaban makaranta ya ce, "Ta bar mana bidiyo ɗari uku a kwamfuta. Ajin ƙarshe ba zai rasa komai ba, ba sai an nemo wani malami ba." Ya ga rijiya, ya ga guga, ya ɗauka ruwa da kansa yake hawowa.

Jiya na leƙa ajin. An rufe tagogi, masinja ya kunna bidiyo ya fita. Ɗalibai hamsin da biyu sun zuba wa bango ido, babu alƙalami ɗaya da ke motsi. Jarrabawarsu saura mako bakwai. Na rubuta wa hukumar makaranta a kawo malami, na sa sunana da manyan baƙaƙe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa abin da kika koyar ya bi ki da lada. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki uku. Allah Ya ba su haƙuri. Haka kuma ga 'yan ajin ƙarshe, waɗanda har yau babu wanda ya shiga ya yi musu gaisuwa.