Nemesio Chablé Uitz da Bindigar da Ba a Wanke Ba

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Nemesio Chablé Uitz a shekarar 1914 a ƙauyen Chuncopó, cikin gundumar Hopelchén ta jihar Campeche. Sunan mahaifinsa Eulogio Chablé, manomin masara kuma maharbi, mahaifiyarsa kuwa Tiburcia Uitz, ungozoma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya kai balaga.

Karatunsa na makaranta bai yi nisa ba, domin malamin da gwamnati ta turo a 1922 ba ya jin yaren Maya, kuma zazzaɓi ya kori malamin tun a damina ta biyu. Sauran iliminsa a hannun mahaifinsa ya samu. A wurinsa ya koyi sauraron kukan namijin talotalon daji da magariba a watannin Afrilu da Mayu don a gane itacen da yake kwana, da komawa wurin da asuba ba takalmi, mutum ba ya ɗaga ƙafa sai lokacin da tsuntsun ke kuka, domin a lokacin ne kunnensa ke toshewa. Ya kuma koyi ƙa'idoji biyu da babu maharbin yankin da ke wasa da su: ba a harbin macen da ke kwance a kan ƙwai, kuma duk bindigar da ta kashe dabba goma sha uku dole a kai ta wurin bokan gari, ya wanke ta da farin gasarar masara, ya roƙa wa mai ita gafarar masu daji, wato iskokin da ke gadin dabbobi.

Eulogio ya rasu a 1933, Nemesio ya gaji bindigarsa mai baki ɗaya.

Aure da sana'a

A watan Janairun 1936 ya auri Prudenciana Dzib, wadda ta shahara da cewa babu abin da ke zubewa daga talotalo a hannunta. Naman takan gasa shi a rami ko ta yi baƙar miya da ƙonannen barkono, gashin wutsiya mai ɗigon shuɗi ta ɗinka mafitai, ƙananan gashin ta cusa matasai, ƙashin fiffike kuma mijin ya fafe shi ya yi usur. Sun haifi 'ya'ya mata uku, sannan a 1940 suka sami namiji, Fidencio.

Shekarun farin ɗango

Daga 1941 farin ɗango suka cinye gonakin yankin damina bayan damina. Nemesio ya ciyar da iyalinsa da iyalan 'yan'uwansa mata da bindiga, yana kai nama sansanonin masu tatsar ƙaron cingam ana ba shi wake da gishiri. Ya zarce goma sha uku, ya sake zarcewa, bai kai bindigar wanki ba, saboda babu ƙwayar masara ɗaya a garin da za a yi gasarar da ita. A ƙarshe har matan da ke kan ƙwai ya harba.

A Afrilun 1943 ya harbi wani ƙaton namijin talotalo a kan reshe da asuba. Bisa abin da ya riƙa faɗa har ƙarshen rayuwarsa ba tare da ya sauya kalma ba, ya ga faɗuwarsa kuma ya ji ƙarar dirarsa, amma da ya isa gindin itacen sai ya tarar da tulin busasshen ganye, babu jini, babu gashi ko ɗaya. Ya koma gida a guje, ya kwanta zazzaɓi.

Bokan garin a lokacin shi ne Don Casiano Ek, mai jagorantar addu'o'in gona da na roƙon ruwa. Ya shaida masa cewa abin da ya harba mai gadin talotalo ne, wanda ba ya bayyana sai ga maharbin da ya wuce iyaka. Da masara ta samu a 1945 an yi wankin, amma Don Casiano ya duba dutsensa na duba ya ce bai washe ba.

"Ka bar ta ta saba da ci ba wanke baki, ɗana," in ji shi. "Saura mata loma ɗaya, kuma daga cikin gidanka za ta ɗauka."

Nemesio ya tambaya ko zai iya jefa ta rijiya ko ya sayar. Tsohon ya ce ruwan rijiya na ja da baya, hannun mai saye kuma ba ya jin magana. Gara ta zauna inda idonsa yake.

Shekarun rataya

Tun daga ranar bai sake ɗura ta ba na tsawon shekara goma sha shida, bai kuma rabu da ita ba. Da ita yake zuwa gona da kasuwa da biki, a ƙofar coci kuma yakan tsaya daga waje don kada a ce ya ajiye ta. Mutanen gari suka laƙaba masa Mijin Bindiga.

"Don Nemesio, ya jikin uwargida? Har yanzu azumi take?" haka matasa ke tsokanarsa a dandali.

"Ku yi addu'a kada ta sha ruwa," shi ne amsarsa kullum.

Bai daina shiga daji ba. Yakan nemo wa wasu maharba itacen, su harba, a ba shi cinya da fiffike. Fargabarsa duka a kan Fidencio take, wanda ya haramta wa taɓa kowace bindiga. Fidencio ya bi umarnin, amma ya taso da baiwar kwaikwayon kukan talotalo da maƙogwaro kawai, har tsuntsaye na amsa masa. Mahaifin ya ɗauki wannan baiwa a matsayin tarkon da masu daji suka ɗana, ya yi faɗa, ya yi lallashi, bai yi nasara ba.

Abin da ya faru a 1961

A watan Mayun 1961 ruwa ya yi jinkiri, dattawa suka shirya roƙon ruwa, wanda ba ya cika sai da naman daji. Maharba sun fita sun dawo hannu wofi. Don Casiano ya riga ya rasu, magajinsa kuma ya yanke cewa harbin da aka yi domin addu'a ba ya cikin hukuncin. Aka matsa wa Nemesio har ya ɗura bindigar, bayan ya sa matarsa ta rantse cewa Fidencio ba zai bar gida ba. Fidencio ya fita ta bayan danga, da niyyar janyo wa mahaifinsa tsuntsu.

Da asuba Nemesio ya ji kuka daga cikin wani kurmi, ya matsa, ya ga duhun abu yana motsi, ya saita. Ya ce yatsansa ya riga ya fara ja sa'ad da ya tuna cewa a wannan lokaci namiji a kan reshe yake kuka, ba a ƙasa ba. Ya yi gyaran murya. Fidencio, mai shekara ashirin da ɗaya, ya miƙe daga cikin ganye yana dariya.

"Haba Baba, har da kai? To wallahi na gama ƙwarewa."

Nemesio ya sauke bindigar. Ya cire harsashin, ya zauna a ƙasa. Cikin watan ya tura ɗan wurin wani kafinta a birnin Campeche, ya kuma gindaya masa sharaɗin kada ya kwana a Chuncopó.

Tsufa

Prudenciana ta rasu a 1979. Bayan rasuwarta damuwar Nemesio ta koma kan inda bindigar za ta faɗa idan ba ya nan. Ya yi tunanin a binne shi da ita, sai ya janye, domin bisa al'adar garin bayan 'yan shekaru ana tone kabari a kwashe ƙasusuwa a sa a akwati, kuma ɗa namiji ne ke tonowa. A farkon 1987 Fidencio ya sanar da shi cewa zai dawo gida da iyalinsa ya kula da shi, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya dawo a watan Maris, da 'ya'ya maza uku masu son taɓe-taɓe.

Rasuwa da jana'iza

Da asubahin 19 ga Afrilu 1987 maƙwabta suka ji ƙara daga bakin daji. An sami Nemesio kwance a gindin wani itace, bindigar ta tarwatse a hannunsa. Rahoton hukuma ya ce tsatsa ta cinye bututun, kuma an ɗura masa albarushi fiye da kima. Babu alamar tsuntsu a wurin, kuma ba a san abin da ya saita ba, ko ma ya saita wani abu.

Waɗanda suka ɗauko shi sun ce tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa a hanya, ina Fidencio.

"Ga ni, Baba. Ni ke riƙe da kanka."

"Yaran fa?"

"Suna gida, barci suke."

"To, ta ci," in ji shi. "A kwashe ƙarafan."

Ya ƙi a kai shi asibiti. Ya rasu a gidansa ranar 23 ga Afrilu 1987 yana da shekara saba'in da uku, aka yi masa addu'a a cocin garin, aka binne shi washegari kusa da matarsa a maƙabartar Chuncopó. Ya rasu ya bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: Eustolia, Marcelina, Donaciana, da Fidencio.