Malafar da na ɗauko a siton babana

Ƙungiyarmu ta kiɗa a lise, wato babbar sakandare, aka haife ta, nan Dakoro, kuma mushenmu, malamin Faransanci, shi ya jawo mana ita. Wata rana ya shigo aji da kaset ɗin bidiyo, ya nuna mana waɗansu makaɗan Meksiko da ake kira mariyaci, sanye da huluna masu faɗin faifai, suna busa ƙaho suna kaɗa jita hankalinsu kwance. Mu shida muka rantse sai mun yi irinsa. Makaranta na da jita biyu da wani ƙahon ƙarfe mai tsatsa, muka haɗa da gogen gida. Hula kuwa, muka ce malafa ta isa.

Ni ƙahon ya faɗo wa, alhali duk cikinmu ni ne mai abin tsoro. Babana ɗan kasuwar hatsi ne, kuma a gidanmu kiɗa aikin maroƙa ne. Ya taɓa faɗa mana cewa duk ɗansa da aka liƙa wa kuɗi a goshi a bainar jama'a, ya nemi wani gida. Ba ya maimaita magana.

Saboda haka na shiga sitonsa, na ɗauko wata tsohuwar malafa mai igiyar haɓa da ke rataye a ƙusa bayan buhunan gero, wadda yake sawa tun lokacin da yake cin kasuwa da jakai. Idan na jawo ta ƙasa, har hanci take rufe mini. Ba a ganin fuskata, mai liƙi kuma bai samun goshi. Shekara uku ina busa a ƙarƙashinta, daga bikin ƙarshen shekara na makaranta har muka fara zuwa suna da aure, ina ta jin kaina wani gwanin wayo.

Sai aka gayyace mu aure Kornaka. Duk wayon nan nawa, ban tuna cewa ranar kasuwar garin ce ba, kuma babana bai taɓa fashin ta ba. Bayan la'asar mun ja layi mun fara, na leƙa ta ƙasan malafa, sai ga shi zaune a tabarmar dattawa. Na dai ci gaba da busa. Abin da ya fito daga ƙahon nan, ko akuya ba za ta yarda nata ne ba.

Ana haka wani abokin ango ya taso da kuɗi a hannu, ya nemi goshina ya rasa, ya kama bakin malafa zai ɗaga. Na ce shi ke nan, yau ba ni da gida.

"Kai, bar mishi malahwatai!"

Muryar babana ce. Ya taso ya zo gabana, ya ɗora hannu a kan malafar ya ƙara danna ta ƙasa. Ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Igiyar ga ta tsuhwa, ka sake wata. Tun randa malahwar ta ɓace na san kan da ta hau. Goshinka dai kar kowa shi taɓa. Busa."

Ya koma tabarmarsa. Wallahi don daɗin da na ji, na busa kamar an ƙara mini huhu.

Yau ƙungiyar tana nan, ɗaliban lise ke shigowa muna koya musu. Dokarmu guda ce: ba a yi wa kowa liƙi, ƙwarya ake ajiyewa a ƙasa. Yaran yanzu sun ɗauka al'adar Meksiko ce, ni kuma ban gyara musu ba.

Har babana ya rasu bai sake ta da zancen ba, bai kuma taɓa cewa na iya ba. Amma da muka buɗe sitonsa bayan rasuwar, a ƙusar da na ɗauko malafar na tarar da sabuwar igiyar fata a rataye, daidai tsawon haɓata.