Ƙwan Zabuwa da Ma'aunin Zafi

A gidanmu na Ibohamane, da an idar da sallar isha'i, kakata Inna Tsahara takan tura kara cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce ban iya zama. In tashi in leƙa awaki, in dawo in tsokani wuta, in sake miƙewa.

"Hadiza, ƙaya ce ga tabarmar?" in ji ta wata rana. "Zamna. Wagga tatsuniya taki ce."

Wai zabuwa ta yi ƙwai a gindin geza, amma zuciyarta ta kasa kwanciya. Sai ga kwaɗo ya fito daga rijiya, ta roƙe shi ya taɓa mata. Ya ɗora hannunsa mai sanyi, ya ce ai ƙwan nan dahuwa yake. Ta mirgina su inuwa. Can ƙadangare ya sauko daga dutsen da rana ta gasa, ya taɓa, ya ce sun yi sanyi kamar randa. Ta mayar da su rana. Haka ta dinga kai da kawo har suka lalace, ko ɗaya bai fashe ba.

"Shi ya sa har yau kaza ka kwanta mata," in ji Inna, tana hararata. "Wadda ba ta zamna ba ta ganin ɗiya."

Na ji haushi, don na san da ni take. Na tambaye ta wa ya yi ƙarya, kwaɗo ko ƙadangare.

"Babu wanda ya yi ƙarya, ɗiyata. Kwanta."

Wannan amsa ta daɗe tana damuna.

Inna ta rasu ina lakkol, wato makarantar boko. Na koyi aikin lantarki, yanzu a Madawa nake haɗa ma'aunin zafi na injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana. A wannan aiki rabin digiri kan kashe ɗan tsako cikin ɓawo. Bara matan wata ƙungiya a Tamaske suka zuba ƙwan zabinsu a injin da na sa wa ma'auni, yawanci ba su fito ba. Shugabarsu, Hajiya Rabi, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Malama, da su muka so sayen hatsin bazara."

Na rasa sukuni. Na tsoma kan ma'aunin cikin ruwan ƙanƙara, ya nuna sifiri daidai. Na mayar cikin inji, ya nuna sama da ainihin zafin da ke ciki. Na canza waya, na canza batir, na kwance na ɗaura. Sai ran nan yatsana ya taɓa allon lantarkin ma'aunin, na ji ɗumi. Ashe kan da ke jin zafi ya yi kusa da allon, ɗumin jikinsa yake haɗawa da na ƙwai, inji ya kashe wuta tun ƙwai bai ƙoshi da ɗumi ba. Na ja shi nesa da doguwar waya, na rage wutar da ke bi ta cikinsa.

Haƙuri Inna ta so koya mini, kuma har yau ban iya ba. Abin da na tsinta daban ne: duk mai awo da zafin jikinsa yake zuwa, sai ya san nasa kafin ya faɗi na wani.

Da damina Hajiya Rabi ta yarda aka sake zubawa, rabi kawai. Ranar da ta kira ni ba ta ko yi sallama ba. Ta kara wayar jikin injin, na tsaya a tsakiyar shago ina jin kukan ƴan zabi.