Hoton Iya da Malam a Kwalekwale

Hadeja

Ana sallame sallar asuba na nufi tasha, da tsohuwar kyamarar marigayi babana cikin gwangwanin madara. Na zuba mata busasshiyar shinkafa a ƙulle don ta tsotse laima. Kyamarar fim ce, ba ta da allon kallo. Ta wata 'yar taga ake leƙawa, mutum ya fito biyu, sai ka yi ta murza zobe har biyun su zama ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kama da soyayya ba.

Burina ɗaya ne: kakannina, Iya da Malam, sun tsufa tare amma ba su da hoto tare. Iya ta ce ita ba ta jerawa da namiji.

Hanya

A shingen duba motoci wani jami'i ya buɗe gwangwanin. "Malam, kyamarar ce ke cin shinkafa?" Har direba ya yi dariya.

Daga bakin titi na hau acaɓa zuwa mashaya. Fadama ta cika, tsuntsaye na tashi daga cikin ciyawar kacalla, zuciyata ta narke. Na ɗauki hoton belbela, na ɗauki hantsi a kan ruwa, na ɗauki wata mai tallan nono daga nesa. Ko da na farga, hoto ɗaya ya rage a fim.

Ƙauye

Iya ta tarbe ni da dambun kifi da tsiya. "Angona, ka zo da akwatin ƙarya? Nuna min hoton in gani."

"Sai an wanke a Kano, amarya."

"To ashe tufafi ne."

Na roƙe ta ta zauna kusa da Malam. Ta ja tabarmarta har gindin rumbu. Malam ya ce, "Rabu da ita, ja'iri. Ni ma ban samu ba, balle kai."

Kan kogi

Washegari za su gaisuwa ƙetare, na bi su. Kwalekwalen ƙarami ne, dole suka zauna kan katako ɗaya, Iya ta kau da kai. Na goge gilashin kyamarar da gefen rigata mai laushi, na yi ta murza zobe kamar ruwa nake kallo. Muna tsakiya sai jirgin ya karkata. Iya ta cafke hannun Malam, ta kira shi da sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Na danna. Kyamarar ba ta da ƙara, ba wanda ya ji.

Gida

Na iso Hadeja bayan la'asar, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya ɗauke ni. Da hoton ya dawo daga Kano na aika musu. Iya ta aiko a gaya mini wai riƙe tsoho ta yi kada ya faɗa ruwa. Amma an ce hoton yana cikin adakarta, ta hana Malam ko aro.