Tabarmar da Kaka Ta Rufe Ba Na Nan

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya yi ni da fargaba. Ina aji uku na firamare a Gashua, abin da yake hana ni sukuni shi ne kada Kaka ta mutu ba ta ƙarasa mini labarin Aji Mai Zago ba. Lafiyarta ƙalau a lokacin, tana cin tuwonta, tana zuwa kasuwa da ƙafarta, amma ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Takan harare ni ta ce, "Fanna uwar tsoro, daina kallona haka, ban shirya ba tukuna."

Kaka mahaifiyar babana ce, 'yar Katuzu, sana'arta saƙar tabarmar kaba. Ƙanana take saƙawa ta sayar, amma sau ɗaya a shekara, bayan an kai gero rumbu, takan ɗora babba ta gida, wadda ake shimfiɗa wa baƙi. Wannan babbar ita ce ta labari. Ranar da ta fara ta, ranar ake haihuwar Aji, ranar da ta rufe bakinta kuma labari ya ƙare sai wata shekara. Haka ta gada wajen tata kakar. Ba ta ba da shi hannu sake. Idan kabar da ta jiƙa ta ƙare, ko an ɗora wa Aji takobi a wuya ne, sai ta kakkaɓe zane ta ce, "Ya jira gobe, ai ba gudu zai yi ba." Mu yara aikinmu tsaga kaba da tsoma ta a kwano, da miƙa mata rinannu, ja da kore, muna zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida bayan mun taso daga makaranta mun cika randuna. Ƙarshen ne kawai ba ta bari ƙanana su ji. Sai yarinyar da hannunta ya iya saƙa take zama ranar rufewa, sauran a kora su wasan 'yar gala-gala a waje. A shekarar nan ne hannuna ya iya, kuma ni ce babba a jikokin da ke gidan.

Aji masunci ne, ba ɗan sarki ba. Ba shi da doki, sai zagonsa na sukar kada da ƙatuwar gorar da yake kifa ciki a kanta ya haye ruwa. Mahara suka zo bisa raƙuma suka kwashe mutanen garinsu yana can wajen su. Ya bi sawunsu cikin rairayi kwana da kwanaki, yana tsotsar ɗanyar kaba don ƙishirwa, har ya kwance su ya juyo da su. In Kaka ta zo kirarinsa sai ta ɗaga murya da Badanci, yaren mutanen Bade, sannan ta mayar mana da Hausa: "Aji na Kolo, ruwa ya san ka, tudu ya ji labari!" Inda muka tsaya, sun iso bakin kogi ya cika ya batse, mahara na tafe a baya, yana haye da mutane ɗaya bayan ɗaya a kan gorar. Saura tsohuwar uwarsa makauniya, sai gorar ta tsage.

Ranar rufewa ta faɗo wata Laraba, kwana biyu bayan Babbar Sallah. Ina zaune da sabon zanena, lallen ƙafata bai ko dushe ba, Kaka ta jiƙa kabar ƙarshe, sai muka ji janareto ya tashi a gidan maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa da iyayensa suka zo daga Haɗeja. Ya sayo talabijin da bidiyo, ya buɗe wa yaran unguwa zaurensa. Ƙannena suka ruga. Ina jin ihun yara ta kan katanga, kabar na hannuna. Na ce, "Kaka, leƙawa kawai zan yi." Ba ta ɗago ba, ta ce, "Yau nake rufewa fa." Na ce ta jira ni. Ta ce, "Kaba ta riga ta jiƙa, 'yar nan." Na tafi. A fim ɗin da aka sa mana, wani mutum mai farar riga ya doke ƙarti sun fi ashirin, rigarsa ko datti ba ta yi ba. Da ya ƙare muka roƙa aka sake sa mana.

Bayan la'asar na dawo na tarar da tabarma a naɗe an jingine ta da bango, Kaka tana tsince guntayen kaba. Na ce, "To, ki faɗa mini." Ta ce, "Na faɗa. Ba a barin mutum a bakin ruwa don babu mai saurare. Kaji sun ji, tabarma ta ji." Na yi kuka, na yi mata tausa, na yi alkawarin wanke mata kaya har damina. Ba faɗa ta yi mini ba, dariya ma ta yi, ta ce, "Baɗi ki zauna." Da damina ƙafafunta suka kumbura, aka ce ƙoda ce. Ba ta ga girbi ba. A kan tabarmar nan mata suka zauna karɓar gaisuwa.

Na tambayi babana, ya ce shi bai taɓa zaman saƙa ba. Gwaggona da ta taɓa ji ta ce kamar ya nutse, wata rana kuma ta ce kamar ya haye, ta manta.

Yanzu ina aure a Nguru, da 'yata Aisa mai shekara biyar. Da babanta ya dawo daga kasuwar kifi za ta karɓe wayarsa, tana kallon wasu mutane masu tashi sama da mayafi a wuya, wuta na fita daga idonsu. Ba wanda yake jin ƙishirwa a cikinsu, ba wanda yake da uwa makauniya. Ni karatuna bai wuce aji biyar ba, labarin Aji ne kawai abin da nake da shi na ba ta, shi ma guntu. Rannan ina tsince shinkafa na ba ta labarin har bakin kogi. Ta ce, "Umma, sai ya tashi sama da ita?" Na kusa cewa e, don ta yi murna. Bakina ya ƙi. Na ce ban sani ba. Ta ɗan jira, ta koma wajen wayar.

Don Allah, wanda yake da tsohuwa 'yar Katuzu ko ƙauyukan da ke kusa, wadda ta yi saƙar kaba, ya tambaye ta ko Aji ya haye da uwarsa. Ya ɗauki muryarta a waya ya tura wa mutane, wataƙila ya iso ni tun Aisa tana tambaya.