Yatsun Baba Likita a Bakin Kurata

Jiya na ga wata mage a Ƙofar Kaura da tabon ɗinki a ciki, sai Baba Likita, likitan dabbobi, ya faɗo mini a rai. Shi ke yi wa magunan unguwa aikin hana haihuwa, don ya gaji da tsintar 'ya'yansu a kwata.

Ni wasan kura ne sana'ata. Shekarar da soja suka miƙa mulki, faɗa ya ɓarke a taron siyasa, wani ya sari kurata da adda a wuya. Na kai masa ita jini na tsiyaya. Ya yi mata allurar barci, ya cire takunkumin bakinta don ya kai ga raunin. Yana tsakiyar ɗinki allurar ta sake ta, ta cafke hannunsa na dama. Na ji ƙashi ya yi ƙara. Na ɗaga gora zan fasa mata kai.

"Ajiye, Malam," ya ce, gumi na keto masa. "Zafin ciwo ne ya cije ni. Danne mini ita."

Da hagu ya ƙara mata allura har ta saki, da hagun ya ƙarasa ɗinkin. Yatsu biyu ya rasa, ita kuwa ta rayu.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa tausayin nan ya tarbe shi a kabari.